Ƙwaron da ke ɓuya a wuyan albasa, da yadda ake rage shi ba da kwalbar guba ba

Duk wanda ya saba shiga fadamun albasa a ƙarshen hunturu, ko a Aliero ne ko Goronyo, ko Kadawa ko Galmi, ya san wannan yanayin. Lawashin da ka bari kore shar makonni biyu da suka wuce sai ka tarar ya yi fari-fari kamar an baɗa masa toka, bakin ganyen yana bushewa daga sama, wasu ganyayen sun karkace. Mai lambu zai ce rana ce ta buge ta, ko ya ce ruwa ne bai isa ba. Wani ma sai ya ƙara watsa yuriya, a zatonsa yunwa ce ke damun shukar. Da zai tsuguna ya buɗa ganyaye biyu na tsakiya, can cikin wuya inda sabon ganye ke tsirowa, da ya ga masu aikin da idonsa: wasu 'yan mitsi-mitsin halittu, launin ruwan ɗorawa mai haske, siraru kamar tsinken zare, suna rarrafe suna gudun haske.

Malaman gona suna kiran su tirifis. Wanda ya fi addabar albasa da tafarnuwa sunansa a littafi Thrips tabaci, sunan da wani masanin ƙwari na ƙasar Rasha, Karl Lindeman, ya raɗa masa a 1889 bayan ya same shi yana ɓarna a gonakin taba. Tsawon babbansa bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba, wato bai kai kwarkwata ba. Danginsa suna da yawa, an ƙidaya iri kusan 6,000 a duniya, amma kaɗan ne daga cikinsu ke cutar da manomi, wasu ma cin 'yan'uwansu suke yi.

Abin da nake son mai lambu ya riƙe shi ne, wannan ƙwaro ba a cin galabarsa ranar da aka ga fari a ganye. Ranar nan ihu ne bayan hari. Ana cin galabarsa ne tun daga ranar da aka zaɓi lokacin dashe, da wurin da aka yi renon iri, da yawan takin da aka zuba, da yadda aka ba da ruwa. Shi kansa ruwan darbejiya da kowa ke ambata idan an ce maganin gargajiya, a ƙarshen layi yake zuwa. Wanda ya ajiye kwalbar guba ya ɗauki bokitin darbejiya, amma bai sauya komai a sauran aikinsa ba, zai sha wahalar daka da tacewa, sannan ya dawo yana cewa abin ba ya aiki.

Yadda yake rayuwa

Ba za a gane dalilin da feshi ke gaza masa ba sai an bi shi daga ƙwai zuwa girma.

Macen ba a saman ganye take ajiye ƙwai ba. Tana da wata 'yar tsinka mai haƙora kamar zarto a ƙarshen jikinta, da ita take tsaga fatar ganyen ta cusa ƙwan a ciki. Ruwan feshi, na kanti ne ko na gida, ba ya kai wa gare shi. Bayan 'yan kwanaki sai ɗan ya fito, ba shi da fiffike, ya gangara cikin wuyan albasa inda ganyaye suka matse juna. Nan ne gidansa: akwai laima, akwai ganye mai taushi, babu rana, kuma feshin da aka yi a tsaitsaye ba ya shiga. Yana ci, ya saɓule fata sau ɗaya, ya ƙara ci. Daga nan sai ya daina cin komai, mafi yawansu su faɗo ƙasa su shige cikin tsagar ƙasa ko ƙarƙashin busassun ganye, su kwanta na wasu kwanaki jikinsu na sauyawa. Sai su fito da fikafikai masu gashi-gashi a gefe, su hau shuka, su soma zuba nasu ƙwan.

To ka ga a kowace rana a fangalinka akwai rukuni huɗu: na cikin ganye, na cikin wuya, na cikin ƙasa, da manya masu yawo. Feshi ɗaya, komai kyansa, manyan da wani ɓangare na 'ya'yan kawai yake samu. Bayan kwana huɗu ko biyar ƙwai ya ƙyanƙyashe, na ƙasa sun fito, fangali ya koma yadda yake. Mai lambu ya ce maganin jabu ne. Wani lokaci jabun ne, amma sau da yawa lissafin ne bai fita ba.

Sai maganar sauri. Idan gari ya ɗumama, zafi ya kai maki 25 zuwa 30, daga ƙwai zuwa uwa mako biyu ne ko ƙasa da haka. A cikin sanyin Disamba da Janairu abin yana jan ƙafa. Kuma macen tirifis ɗin albasa ba ta jiran namiji, ita kaɗai tana haihuwar 'ya'ya mata, su ma su haifi mata. Mu ƙaddara kowace uwa 'ya'ya 20 ne kacal suka rayu mata. Zuriya ta farko 20, ta biyu 400, ta uku 8,000, duk a cikin makonni shida. Wannan shi ne sirrin abin da manoma ke cewa dare ɗaya ƙwari suka sauka. Ba dare ɗaya ba ne. Suna nan tun a gadon iri, zafin Fabrairu da Maris ne ya sake musu linzami.

Yadda yake ci ma abin lura ne. Ba ya tauna ganye kamar tsutsa ko fara, shi ya sa ba a ganin huji. Muƙamuƙinsa na hagu kaɗai ke aiki, ya zama kamar allura. Da shi yake huda fatar ganye, ya zuƙe ruwan da ke ciki, iska ta cike gurbin. Wannan iskar ce ke sa wurin ya yi sheƙi fari kamar azurfa. Idan ka duba da kyau za ka ga ɗigo-ɗigon baƙi a kan farin, kashinsa ne, kuma da shi ake bambanta ɓarnarsa da ƙunar rana.

Me ya sa hakan ke rage buhu? Kowane ganyen albasa gindinsa ne ke kumbura ya zama zobe ɗaya a cikin kan albasar. Ganyen da aka zuƙe ba ya haɗa abinci yadda ya kamata, kuma ruwa na tsiyaya daga raunukansa a lokacin da iska ta fi bushewa. Idan hakan ta faru daidai lokacin da albasa ta fara yin kai, sai ta tsaya ƙanana, ta nuna da wuri ba ta cika ba. Sannan sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ta waɗannan raunuka cutar nan mai sa tabo ruwan hoda-hoda zuwa shunayya a ganye take samun ƙofa. Shi kansa ƙwaron yana ɗaukar wani bairos, wato ƙwayar cuta, mai sa tabo launin kara a ganye da sandar furen albasar iri, har sandar ta karye.

Ba albasa kaɗai ba

A lambu ɗaya za ka same shi a kabeji, inda yake shigewa cikin ƙunshin ya bar ƙuraje masu kaushi a ganyen ciki, da kankana da kokwamba da yalo. A tattasai da attaruhu, wasu danginsa suna sa sabon ganye ya naɗe sama, fure ya zube, 'ya'yan su fito da zane mai kaushi a kusa da hanci. A tumatir babbar matsalar ba cin ba ce, bairos ne da ke sa ganye ya yi launin tagulla, 'ya'ya su yi zobe-zobe, shukar ta tsumbure. A nan akwai wani abu da ya kamata a sani: ƙwaron yana ɗaukar bairos ɗin ne tun yana ƙarami a jikin shuka mai ciwo, sai ya girma ya yi fiffike ya kai wa mai lafiya. Saboda haka tumatirin da ya kamu, barinsa a fangali reno ne ake yi wa masu yaɗa cutar. A tuge shi, a fitar da shi daga lambun, a binne ko a ƙone.

Masu wake kuma suna da nasu, wani baƙi mai ɗan girma da ake kira Megalurothrips sjostedti, wanda ke shiga cikin toho da fure. Wake ya yi ganye luf-luf, ya yi ta fure, furen na kakkaɓewa, ba a ga kwanso ba. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, wadda ke da tasha a Kano, ta daɗe tana lissafa shi cikin manyan maƙiyan wake a Afirka ta Yamma. Zan ƙara da wata tunatarwa, domin na ji ana ruɗewa a kai: irin waken nan SAMPEA 20-T da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ta fitar a 2019, tsutsar da ke huda fure da kwanso aka yi shi dominta. Ba ya hana tirifis.

Abin da kwalba ke jawowa

Ba ina cewa maganin kanti ba ya kashe ƙwari ba ne. Yana kashewa, matsalar ita ce wa yake kashewa. Magungunan da suka fi arha a kasuwanninmu, irin su saifametirin da lamda-saihalotirin, ba sa zaɓe. Gizo-gizon da ke saƙa tsakanin ganyaye, da jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi a baya da ke cin darɓa, da wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai baƙi da fari da masana ke kira Orius, wanda aikinsa ke nan farautar tirifis a cikin fure, duk a fili suke yawo, su feshin ke fara samu. Tirifis kuwa yana cikin wuya, ƙwansa na cikin ganye, wasunsa na ƙasa. Bayan mako guda shi ya dawo, masu cinsa ba su dawo ba, domin su haihuwarsu ba ta da sauri kamar tasa. A gonakin tattasai na jihar Florida ta Amurka an ga wannan ƙarara: inda aka yi ta fesa irin waɗannan magunguna tirifis ya fi yawa a kan inda aka bar Orius ya yi aikinsa.

Sannan ƙwaron da ke sabuwar zuriya duk mako biyu, saurin sabawa da guba gare shi. 'Yan kaɗan da suka tsira su ne iyayen na gaba. An tabbatar da wannan jurewar a tirifis ɗin albasa a ƙasashe da dama. Mai lambu ya ƙara murfi ɗaya a kan na da, ya haɗa kala biyu, ya koma fesawa duk kwana uku, kuɗi na tafiya, ganye na ƙara fari. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lawashi. Ganyen da aka yi wa wanka da guba shi ne ake yankawa a kai kasuwa, a zuba a miya da dambu da kwaɗo, wani a shanya a daka a ajiye. Shi kuma mai feshin, sau nawa ka gan shi da takalmi da abin rufe hanci? Yawanci ƙafa tsirara cikin fangali, iska na maido masa da abin a fuska.

Lokacin dashe

Idan aka ce in zaɓi abu ɗaya tak, wannan zan zaɓa. Binciken da aka yi a fadamun Sakkwato ya nuna abin da tsofaffin manoman albasa suka daɗe da sani: wadda aka dasa da wuri, wajen Nuwamba, tana yin girmanta cikin sanyi lokacin da ƙwaron ke da rauni, kafin ya yi yawa a Fabrairu da Maris ta riga ta yi kai. Wadda aka dasa a Janairu ko bayansa kuwa tana ƙarama taron ke iske ta. Ƙwaro 50 a jikin albasa mai ganye goma da ta kusa nuna, da ƙwaro 50 a jikin mai ganye huɗu, ba ɗaya ba ne.

Na san ba kowa ke da zaɓi ba. Wani fadamarsa ruwa bai janye ba sai Disamba, wani shinkafarsa ce ba ta tashi ba, wani kuma da gangan yake jinkiri don ya riski tsadar kasuwa. Wanda ya yi dashen baya ya sani ya shiga da bashi a wuyansa, sai ya ninka kula a sauran matakan. Abu mafi muni shi ne a jera fangalin sabon dashe a gefen tsohuwar albasa, musamman ta ɓangaren da iska ke kaɗawa. Tirifis ba gwanin tashi ba ne, iska ce ke ɗaukarsa. Ranar da aka daina ba tsohuwar ruwa ko aka cire ta, duk manyan da ke cikinta sai su tashi su sauka a kan ƙaramar. Haka ma gadon iri: a nisanta shi da tsohuwar gona, da albasar da aka bari don iri, da tulin ruɓaɓɓiyar albasa da lawashin da aka zubar a bakin rijiya. Kafin a tuge iri a dasa, a buɗa wuyan guda ashirin a duba. Idan akwai su, a yi maganinsu tun a gadon, inda bokiti ɗaya zai wadatar, maimakon a raba su a kadada guda da hannunka.

Wani zai ce ya rufe gadon da gidan sauro. Yana tare fara da malam-buɗe-littafi, amma hujinsa ƙofar gari ce ga tirifis.

Ruwa, taki da shimfiɗa

Ba a cika kukan wannan ƙwaro da damina ba, dalili kuwa ruwan sama mai ƙarfi yana kakkaɓo shi ƙasa, ya kuma toshe tsagar ƙasar da 'ya'yansa ke kwanciya. Ban ruwan da muka saba, na sakin ruwa ta kwata ya cika fangali, saiwa yake jiƙawa, ganye na nan a bushe. Mai ƙaramin lambu yana iya kwaikwayon damina: sau biyu ko uku a mako ya bi da butar ban ruwa mai kan rariya, ko ya matse bakin tiyo, ya watsa ruwan daga sama ya nufi cikin wuya. Da safe ake yi, don ganye ya bushe kafin dare, in ba haka ba an gudu ba a tsira ba, an kori ƙwaro an gayyato cutar tabo. Kada kuma a bar fangali ya bushe har ƙasa ta tsattsage. Albasar da ke jin ƙishi ita ɓarnar ta fi kayarwa.

Taki kuma, yuriya idan ta yi yawa tana sa ganye ya yi taushi ya cika da ruwa, abin da ƙwaron ke so ke nan. Ga wuyan albasar ya yi kauri, ba ta jure ajiya. Shi ya sa na ce wanda ya ga fari ya ƙara yuriya ya ƙara wa wuta mai. A fara da ruɓaɓɓen takin gargajiya tun wajen gyaran fangali, na zamani kuma a raba shi kashi-kashi, a tsayar da shi idan albasa ta fara kai.

Shimfiɗa bambaron shinkafa ko na alkama tsakanin layuka na taimakawa ta fuska uku: ƙasa na riƙe laima, gizo-gizo da sauran mafarauta na samun mafaka, kuma gwaje-gwajen da aka yi a gonakin albasa a Amurka sun nuna raguwar tirifis a inda aka shimfiɗa shi. A wuraren da ake noman shinkafa kamar Kura da Kadawa, abin da ake cinna wa wuta ne bayan girbi.

A Indiya, cibiyar binciken albasa da tafarnuwa da ke kusa da Pune tana ba manoma shawarar kewaye gona da layi biyu na masara, a shuka ta kamar wata guda kafin dashe, don ta zama katangar da za ta tare waɗanda iska ke kawowa. Wannan bai yi nisa da abin da muka saba ba, da ma ana shuka masara a kan kunyar fangali. Abin da za a ƙara shi ne a matse ta, kada a bar giɓi, kuma a fi ƙarfafa ta ta gabas da arewa inda iskar hunturu ke fitowa. Furen masarar ma abinci ne ga Orius. Haɗa layin karas da na albasa shi ma an ga yana rage yawan ƙwaron. Akwai kuma bambanci tsakanin irin albasa: mai ganye kore mai sheƙi, wanda wuyansa ke a buɗe, bai cika tara su kamar mai ganye shuɗi-shuɗi mai kauri da matsattsen wuya ba. Mai ajiye irin kansa ya sa ido a kan wannan.

Dubawa

Sau biyu a mako, da sanyin safiya, a ratsa lambun daga kusurwa zuwa kusurwa, a tsaya wuri biyar, a kowane wuri a buɗa wuyan albasa huɗu ko biyar, a ƙirga abin da aka gani, a ƙirga ganyen. A fara da gefen gona, nan suke fara sauka. A jihar New York, masanan jami'ar Cornell suna ba manoma ma'aunin ƙwaro 1 zuwa 3 a kowane ganye kafin a ɗauki mataki. Tunda kayan aikinmu na gida ba su da kaifin na kanti, ni a ganina da an kai ɗaya a kowane ganye, wato albasa mai ganye shida an ga shida a wuyanta, lokaci ya yi. A tattasai da tumatir da wake, farar takarda ake sa wa a ƙarƙashin fure a ɗan buga shi da yatsa, za a ga suna zubowa suna gudu.

Tarkon danƙo, wato guntun roba shuɗi ko rawaya da aka shafa wa giris aka kafa daidai tsayin ganye, yana kama manya. Amfaninsa ya sanar da kai ranar da suka fara shigowa. Kada a ɗora masa nauyin kare gona.

Darbejiya

Yanzu mun iso inda mutane ke son farawa. Wannan itace, da wasu ke kira dogon yaro, wasu maina, a Nijar kuma a ce bedi, asalinsa daga yankin Indiya ne, yau kuwa babu garin da ba ya inuwa a ƙasar Hausa. Ƙarfin maganinsa a ƙwallon 'ya'yan yake, ganyen bai kai shi ba ko kusa. Sinadarin da ke ciki, azadiraktin, ba ya kashewa nan take. Yana sa ƙwaro ya ƙi cin ganyen, yana hana ƙananan saɓule fata su girma, yana rage wa uwa ƙwai. Wanda ya fesa da yamma ya zo da safe neman gawa ba zai gani ba. Sai bayan kwana uku zuwa biyar ƙirga ke nuna bambanci.

Ana tsince 'ya'yan da suka nuna suka zubo, a wanke naman, a shanya a inuwa har su bushe, a ajiye a buhun da iska ke shiga, ba leda ba, don kada su yi funfuna. Wanda ya shekara a ajiye ƙarfinsa ya ragu. Idan za a yi aiki, a fasa a fitar da ƙwayar, a daka ta yi laushi. Gwargwadon da aka fi amfani da shi giram 50 ne a kowace lita ta ruwa, wato rabin kilo a lita 10, kashi uku cikin huɗu na kilo a famfon goyo mai lita 15. A jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi sau biyu don kada ya toshe bakin famfo, a narka ɗan sabulun wanka ko sabulun salo kamar girman ƙwallon dabino a zuba. Sabulun ba ado ba ne. Ganyen albasa yana da santsi kamar an shafa masa kakin zuma, ruwa zalla gangarewa yake yi, sabulu ne ke sa ya bazu ya gangara cikin wuya. Garin sabulun wanki kuwa yana ƙona ganye, a bar shi. Ko da wane za a yi, a fara gwadawa a fangali ɗaya a kwana biyu a gani.

Yadda ake fesawa ya kai haɗin muhimmanci. Da yamma ake yi, rana ta yi sanyi, domin hasken rana na kashe ƙarfinsa, kuma lokacin ƙudan zuma sun koma. A sunkuyar da bakin famfo ya kalli tsakiyar shukar, a tafi a hankali har ruwan ya taru a wuya. Wanda aka haɗa yau, yau za a ƙarar da shi. Sannan a maimaita bayan kwana biyar zuwa bakwai, sau uku a jere aƙalla, saboda lissafin da muka yi a baya: na farko ya samu na cikin wuya, na biyu ya tari waɗanda suka ƙyanƙyashe da waɗanda suka fito daga ƙasa, na uku ya share ragowar. Tukar da ta rage a ƙyalle a zuba ta a fangali, taki ce.

Ana haɗa barkono da tafarnuwa a ciki, kuma ba laifi, suna ɗan kora, amma ba su ne ginshiƙin ba. Wanda nake roƙo a guje masa shi ne ruwan taba. Ana ganin tunda ganye ne ba shi da illa, alhali nikotin guba ce mai shiga ta fata, kuma taba na iya ɗauke da bairos da ke kama tumatir da tattasai.

A shagunan kayan gona na manyan garuruwa akan samu wasu magungunan da aka samo daga halittu. Akwai sifinosad, wanda ake samu daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa da aka gano a wani tsibirin Karibiyan a 1982. Yana aiki sosai a kan tirifis, masu noman da ba sa amfani da guba ma an yarje musu shi a ƙasashe da yawa, sai dai yana kashe ƙudan zuma kafin ya bushe, kuma ƙwaron na saurin sabawa da shi idan aka jera shi fiye da sau biyu. Akwai kuma masu funfunar da ke tsiro a jikin ƙwaro ta kashe shi, irin Beauveria da Metarhizium. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta fitar da wani nau'in Metarhizium da ake sayarwa don tirifis a gabashin Afirka. Rauninsu a wurinmu shi ne suna son laima, ga shi lokacin da muka fi bukatarsu iska a bushe take ƙamas, don haka sai da yamma bayan an ba da ruwa, kuma kwalbar da ta sha rana a kanti ta riga ta mutu.

Duk wanda ya bi waɗannan matakai zai ci gaba da ganin tirifis a lambunsa, kada wani ya yi masa alkawarin akasin haka. Abin da ake nema shi ne yawansu ya tsaya ƙasa har albasa ta gama kai. Da wuya ya fara laushi, ganye ya fara kwanciya da kansa, feshi ya ƙare, ko an ga ƙwari a bar su, abin da za su rage a buhu bai kai kuɗin wahalar ba. Aikin da ya rage na bayan cira ne: a kwashe lawashin da ba za a ci ba da ƙananan albasar da aka watsar, a ba dabbobi ko a binne, a kafce fangalin a bar rana ta gasa ƙasar, sannan a duba inda iska za ta kai waɗanda suka tashi, idan akwai ƙaramin dashe a can, a riga su isa da bokiti. Badi kuma a ba wannan filin wani abin da ba albasa ko tafarnuwa ba, a kai gadon iri can ɗaya gefen.